Idon Hagu a Katin Ƙanena

Bari in riga mutanen unguwarmu ta Waziriyya faɗa, tunda ko na yi shiru za su faɗa: wawan wannan labarin ni ne. Na fi shekara sittin ina kiran ƙanena sakarai, a gabansa da bayan idonsa, ashe kujerar tawa ce nake ta ɗora shi a kai. Mai karatu ya riƙe wannan tun yanzu, don in ya ga ina yabon kaina a gaba kada ya ruɗe. Tsohon hali ne, ba ya fita.

A unguwar Ruwais aka haife ni, nan bakin teku kusa da Makka, a ɗaki, a hannun wata tsohuwar unguwarzoma da ba ta san alif ba. Mahaifinmu a ƙafa ya zo aikin Hajji, ya ce zai huta shekara ɗaya ya koma gida. Yana nan a maƙabarta yana hutawa har yau. Ƙanena kuwa tun a ciki ya fara ba mutane wahala: ya juya ya ƙi fitowa, aka garzaya da uwarmu asibiti, aka ciro shi a can, aka haɗo shi da wata takarda mai hatimi. Duk abin da ya raba rayuwata da tasa, wannan 'yar takardar ce, sai kuma wani abu guda da ni na ƙara da hannuna.

Abin nan shi ne layi. Ni ba na bin layi. Na yi aji huɗu a makaranta, a zamanin da ake karɓar yaro da fuskarsa kawai, kuma ina taƙama da ajin nan huɗu kamar wanda ya sauke littattafai. Da aka ce duk mai son wucewa gaba ya kawo shaidar haihuwa, aka ce mahaifina ya je da ni wurin mai unguwa da shaidu biyu, daga can a wuce wani ofis. Muka je, na ga mutane tun daga bakin ƙofa har kwanar masallaci. Na zame na tafi bakin teku kallon masunta. Karatuna ke nan.

Bayan mun girma aka sake buɗe ƙofa ga waɗanda aka haifa a ƙasar su gyara takardunsu. Ƙanena ya ɗauki tasa ya sa a leda, kullum yana idar da sallar asuba sai ya tafi ya tsaya, ya dawo da la'asar leɓe a bushe. Ni ina zaune a inuwa ina masa waƙa. Na ce da shi, “Kai, wanda aka haifa tsakanin Makka da teku sai wani ya rubuta masa cewa yana nan? Je ka tsaya, jakin ofis.” Ya ce, “Yaya, ka zo mu je, ko sau ɗaya.” Na je sau ɗaya, don kada a ce ban je ba. Rana ta take, wani ya taka mini ƙafa, na ce halas, shi ke nan, na dawo gida. Shi ya fito da tabi'iyya, wato ya zama ɗan ƙasa. Ni na fito da dabara.

Dabarar ita ce aron suna, kuma na daɗe ina koyar da ita kyauta ga duk wanda ya zauna a bencin shagona. Nakan ce, cikin muryar manyan malamai: hukuma ba ta gaisawa da mutum, da takarda take gaisawa, to ka tura mata takardar wani, kai ka zauna ka sha shayinka. Na samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, wani balarabe mai fara'a, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, aka rubuta ni lebura, ni da ban taɓa ɗaga bulo ba. Shagon agogo da tabarau da na buɗe a Waziriyya, da sunansa yake. Motata da sunan ƙanena. Wayata ma haka. Nakan buga ƙirji in ce, “Ni ba ni da komai, saboda haka babu abin da za a ƙwace mini.” Telan da ke maƙwabtaka da ni, mutumin tsibirin Jawa, yakan girgiza kai ya ci gaba da taka kekensa. Na ɗauka bai gane ba ne don Larabcinsa bai nuna ba.

Sai Allah ya ba mu 'ya. Maiɗakina irina ce, haifaffiyar nan, ita ko iƙamar aro ba ta da ita. Aka ce in ana son yarinya ta samu rigakafi da makaranta, sai an fara rubuta aurenmu, kafin nan sai an gyara zaman uwar, kafin nan sai shaidu, kuma kowane mataki da nasa layin. Na kwanta na yi nazari irin na masu aji huɗu. Ƙanena da matarsa sun shekara biyar ba haihuwa. A lokacin in aka haihu a gida, shaidu biyu sun isa. Sai na ce a rubuta ta a matsayin tasu.

Maiɗakina ta yi kuka har muryarta ta dashe. Na jawo mata al'ada, don ni in zan yi ɓarna sai na sa mata rawani. Na ce, “Ke ba Bahaushiya ba ce? 'Yar fari ai ba ta iyaye ba ce. Ko sunanta ba ma faɗa. A garin kakanninki dangi ake ba riƙo.” Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Malam, riƙo ake bayarwa. Ba a ba da suna.” Na ce mata ba ta san nizami ba, wato tsarin hukuma. Aka rubuta.

Kuma dabarar ta yi aiki, in faɗi gaskiya. Yarinya ta samu allurarta kyauta, ta samu makarantar gwamnati da littattafai, alhali 'ya'yan maƙwabtanmu marasa takarda suna zaune a tsakar gida suna tsinkar ganye. Da ta isa shiga aji sai ta koma gidan ƙanena a unguwar Safa, tana zuwar mana Alhamis da Juma'a. Shi take kira Baba. Ni take kira Ammi, wato baffa, don kada bakinta ya suɓuce a gaban malamai. Ni na koya mata hakan, kuma na ji daɗinsa fiye da kima. Kunyar 'yar fari ta zame mini inuwa mai sanyi. In ta kawo sakamakon jarrabawa tana murna, sai in ce, “Kai wa ubanki, ni me ya dame ni?” In aka kira iyaye a makaranta, ƙanena ke barin aikinsa.

Akwai wata rana da ba na son tunawa, ita kuma ba ta barina. Tana da shekara tara. Ta shigo shago da rana, benci cike da abokan hira, ta tsaya a gaban teburina tana murza gefen mayafinta. Ta ce, “Ammi, Umma ta ce wai kai ne babana na gaskiya. Haka ne?” Ina da ɗan gilashin gyaran agogo maƙale a idon hagu, ban ko cire shi ba. Na ce, “Ba an sa ki a makaranta ba? Je ki duba takarda mana.” Benci ya fashe da dariya, wani har da buga cinya. Na ji kaina ya yi girma. Ita ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta dubi masu dariyar ɗaya bayan ɗaya, ta fita. Telan Jawa ne kaɗai ya tsayar da kekensa.

Shekaru suka tura. Ciwon ƙoda ya kama maiɗakina lokacin yarinyar tana karatun haɗa magunguna. In ciwo ya tashi gadan-gadan asibiti na karɓa, don ba sa mayar da mai neman mutuwa, amma jinya ta kullum sai da kati. Muka yi ta yawo a ƙananan asibitocin kuɗi har ƙarfinmu ya ƙare. Yarinyar tana zaune a gefen tabarma, a jakarta akwai katin da ke buɗe kowace ƙofar asibitin gwamnati, ga uwarta tana kumbura. Da ta rasu, yarinyar ta riga ta fara aiki. Ta nemi hutun rasuwa aka ce wannan na uwa ne da uba da miji da 'ya'ya, matar baffa ba ta ciki. Ta zauna zaman makoki yini ɗaya, kashegari ta sa farar rigarta ta koma bayan kanta tana miƙa wa mutane magani. Ni a wurin zaman har wasa na yi da masu gaisuwa. Tun daga ranar Hausarta ta ƙare a wurina. In ta zo sai gaisuwa da Larabci, ta ajiye cefane, ta tafi.

Daga nan shago ya bi. Doka ta fito cewa sayar da agogo da tabarau ya koma hannun 'yan ƙasa, kuma duk wanda ya ba baƙo aron sunansa a kasuwanci zai gamu da hukunci. Kafilina ya zo da hantsi da ɗansa, saurayi mai ƙamshin turare wanda bai san gaban agogo da bayansa ba. Ya sumbaci goshina. Ya ce, “Ya Hajj, wallahi kai ɗan'uwana ne, amma nizami nizami ne.” Na ce shagon ai nawa ne, ni na kafa kowane katako. Ya yi murmushi ya nuna takardar da ke rataye a bango cikin gilashi, wadda na shekara talatin ina goge wa ƙura. Ashe ko da na ce babu abin da za a ƙwace mini gaskiya na faɗa. Ba a ƙwace ba, mai abu ne ya zo ya ɗauki abinsa. Na fito da kayan aikina a gwangwanin biskit. Iƙama ta ƙare bai sabunta ba, ta'amin kuma, wato inshorar asibiti, a jikin iƙama take, suka mutu tare.

Telan Jawa ma ya tattara. Ya ce a ƙasarsu yanzu akwai katin asibiti da talaka ke samu, gara ya je ya tsufa a can. Mai gyaran takalmi ɗan Bangladash shi ma ya tafi. Kowa yana da ƙasar da zai koma ya yi rashin lafiyarsa. Ni ƙasar da ake cewa tawa ce, a bakin mahaifina kawai na taɓa jin ta.

Na koma gyaran agogo a ƙofar gida, a kan ɗan tebur. Da shi nake cin abinci, kuma da shi nake jin ni mutum ne. Sai yanar ido ta fara rufe mini na hagu, wanda nake maƙala gilashin a kai. Da farko kamar hayaƙi, daga baya kamar an shafa madara. Matsefata ta riƙa kama iska. Wata rana na mayar wa wani direba agogonsa da hannun minti a ƙarƙashin na awa, ya dawo yana zagi. Na dama shi ma ya fara. Aka gaya mini akwai wata ƙungiyar agaji da ke yi wa marasa takarda aikin ido, amma sai ka je bayan asuba ka karɓi lamba, ka dawo a auna ka, ka jira watanni. Na je na leƙa. Tsofaffi ne jere a jikin bango, kowa da jikansa ko sandarsa. Na ce ni? Na juyo.

Sai tsohuwar dabara ta motsa. Asibitin da yarinyar ke aiki suna sa iyayen ma'aikaci a inshora, ta kuwa sa ƙanena. Ka ji rabo: mutum yana da asibitin gwamnati kyauta, ga na kuɗi an ƙara masa, ni ko na ɗigon ido ba ni da shi. Na hau mota na tafi Safa.

Na same shi yana ba tsuntsayensa ruwa a baranda. Na ce, “Ara mini katinka da wayarka, yini ɗaya.”

Ya ce, “Yaya, zamanin nan ba irin na da ba ne. Komai yana cikin kwamfuta.”

“Kwamfuta ta san fuskar Bahaushe? Ni da kai ko uwarmu sai ta matso take rarrabewa.”

“In aka gane, yarinyar nan ce za ta shiga uku. A kan aikinta aka yi katin.”

Na ce, “Yarinyar wa? Na ba ka 'ya sukutum, shekara talatin da 'yan kai kana cin gajiyarta, kai ba za ka ba ni roba ta yini ɗaya ba? Da ba don ni ba wa zai kira ka Baba, bango?”

Matarsa tana kicin, na ji cokali ya faɗi. Ya goge hannunsa a jallabiya, ya shiga ɗaki ya fito da kati da waya, ya miƙo mini bai dube ni ba. Na ce a raina, sakarai har tsufa.

Kashegari da safe na tafi wani asibitin ido a can Safa, wanda katin ke aiki a cikinsa. Mai karɓar baƙi ta dubi hoto ta dube ni, tsohon baƙar fata da farar jallabiya da farin gemu, ba ta ga wani bambanci ba. Lambar tantancewa ta shigo a wayar ƙanena, na miƙa mata ta karanta da kanta. Ko minti goma ban zauna ba aka kira ni. Na shiga ina taku ɗaiɗai, ina tausayin tsofaffin da ke jikin bango.

Likitan baƙar fata ne, matashi. Ya gaishe ni da Larabci mai ɗan tauri, na gane nan take, na ce masa sannu da aiki. Ya washe baki ya ce, “A'a, Baba, ashe na gida ne!” Ɗan Najeriya ne da ya zo aikin kwangila. Muka gaisa har da tambayar mutanen gida, ni da ban san gidan ba. Ya sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ya haska idon hagu. Ya daɗe. Ya koma kan kwamfutarsa, ya dawo ya sake haskawa. Sannan ya tura kujerarsa baya ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, “Baba, ina da tambaya. Fayil ɗin nan ya ce bara an yi maka aiki a idon hagu, an cire yana an sa maka ɗan gilashi a ciki. A asibitin nan ma aka yi. Ina gilashin ya tafi?”

Ni ban san an yi wa ƙanena aikin ido ba. Ta ina zan sani? Ban taɓa tambayarsa lafiyarsa ba. Na ce, “Likita, ai jikin tsoho ne, yana shanye abubuwa.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Da na tsaga idon nan da awon wancan, da na makantar da kai da hannuna. Kuma wanda aka yi katin da sunansa, ka san abin da zai same shi in na rubuta abin da na gani?” Na ce ai mu duka Hausawa ne, a rufa wa juna asiri. Ya ce, “Shi ya sa ban riga na rubuta ba. Zauna a waje. Akwai lambar 'yarka a fayil, ko in ce 'yar mai katin.”

Ta iso da azahar cikin rigar aikinta, da abaya a sama. Ta shiga wurin likitan ta jima, ta fito ta karɓi kati da waya daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ta ce, “Yalla.” Na bi ta zuwa mota. Ta kunna sanyi, ba ta tayar ba. A kujerar baya akwai jakunkunan makarantar 'ya'yanta biyu.

Mai hankali da ya yi shiru a nan. Ni kuwa sai wata sabuwar dabara ta faɗo mini, har na ji daɗin kaina. Na ce, “To ai abin ya zo da sauƙi. Tunda aro ya ƙi, a yi na gaskiya. Ki je ofis ki gaya musu an yi kuskure tun farko, ni ne mahaifinki. A cire shi a sa ni. Halas.”

Ta juyo. Ta yi magana da Larabci, a hankali, kamar tana karanta wa majinyaci yadda ake shan magani. Ta ce in ta faɗi haka, takardarta ta zama ta ƙarya tun daga tushe. Za a karɓe ta, a karɓe aikinta, a bi shaidar karatunta. Baba, wato ƙanena, zai amsa tambayoyi a inda ba a zuwa da tsuntsaye. Yaran nan biyu kuma Allah kaɗai ya san abin da zai biyo ta kansu. Ta ce, “Duk wannan, don ido ɗaya?”

Na ce, “Biyu. Na daman ma ya fara.”

Sai na ɗauko babban makami, wanda na ajiye shekara talatin da 'yan kai ban taɓa zarewa ba. Na gyara murya irin ta mai wa'azi na ce, “Haƙƙin uba ba wasa ba ne. Takarda ba ta goge jini. Ke 'yata ce, ni na haife ki.” Ban taɓa faɗin kalmar ba sai ranar, kuma na ji ta a bakina kamar haƙorin aro. Na zuba ido, wanda ya rage, ina jiran hawaye.

Ta dube ni irin kallon da ta yi wa mutanen benci, ta sa hannu ta tayar da mota. Da ta buɗe baki ba Larabci ta yi ba. Hausar uwarta ce tsaf, wadda na ɗauka ta manta.

“Ammi, ranar da na tambaye ka a shago, cewa ka yi in je in duba takarda. Na duba. Gobe bayan asuba ka shirya, zan sauke ka a bakin layi.”